Ɓarayin Wasiƙu da Zaɓen Amurka na 2016

Idan aka ce an yi maguɗin zaɓe, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne satar akwati, ko aringizon ƙuri'u, ko kuwa a sauya alƙaluma kafin a kai ga sanarwa. To, abin da Rasha ta yi wa Amurka cikin shekarar 2016 ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Kwamitin majalisar dattijan Amurka mai kula da leƙen asiri ya yi shekaru yana bincike, bai kuwa sami shaidar an canja ƙuri'a ko guda ba, ko da yake an kutsa cikin rajistar masu zaɓe ta jihar Ilinoi. Abin da aka sata wasiƙu ne, aka kuma san ranar da za a saki kowace.

Ga yadda abin ya faro. Ran 19 ga Maris, 2016, John Podesta, watau shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton ta jam'iyyar Dimokurat, ya sami saƙon imel mai kama da na kamfanin Google, ana gargaɗinsa wai wani ya gano kalmarsa ta sirri, ya gaggauta canja ta. Aka tambayi ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ofis, ya amsa cewa saƙon na gaske ne. Daga baya ya ce kuskuren rubutu ya yi, nufinsa ya ce na jabu ne. Ko ma yaya ne, an latsa inda ɓarayi ke so a latsa, suka kwashe wasiƙu fiye da 50,000. Ba a fasa ƙofa ba, mai gida ne ya miƙa mabuɗi da hannunsa. Cikin watan Afrilu kuma suka shige kwamfutocin hedikwatar jam'iyyar kanta, suka yi makonni suna kwasa ba wanda ya farga.

Su wane ne ɓarayin? Hukumomin Amurka sun ce hafsoshi ne na hukumar leƙen asirin sojan Rasha da ake kira GRU. Amma da jam'iyya ta bayyana satar a tsakiyar watan Yuni, kashegari sai ga wani ya ɓullo a intanet da sunan Guccifer 2.0, yana cewa shi kaɗai ya yi aikin, kuma shi mutumin Romaniya ne. Da wani ɗan jarida ya gwada shi da harshen Romaniya sai aka ga yana tuntuɓe. Mu da muke nazarin harshe ba mu yi mamaki ba, don harshe ba ya rufa wa baƙo asiri.

Inda gwanintar take, a ganina, shi ne wajen zaɓen lokaci. Ran 22 ga Yuli, saura kwana uku jam'iyyar Dimokurat ta buɗe babban taronta a Filadalfiya, shafin WikiLeaks ya saki wasiƙu kusan 20,000. A ciki aka ga wasu shugabannin jam'iyya, waɗanda ya kamata su tsaya tsakiya, suna ƙulle-ƙullen yadda za a rage wa Bernie Sanders ƙarfi, shi ne kuwa abokin karawar Clinton a zaɓen fid da gwani. Kafin a buɗe taro shugabar jam'iyya, Debbie Wasserman Schultz, ta sanar da murabus, magoya bayan Sanders kuma suka shiga zaure a fusace. Na biyu ya fi wannan ban mamaki. Ran 7 ga Oktoba gwamnatin Amurka ta fito fili ta zargi Rasha. A wannan yinin ne jaridar Washington Post ta fid da wani tsohon faifai inda Donald Trump yake batsa game da mata, har mutane suka ɗauka tasa ta ƙare. Ba a cika awa guda ba WikiLeaks ya fara sakin wasiƙun Podesta, ba kuwa gaba ɗaya ba, a'a, kashi-kashi, kusan kullum, har zuwa zaɓe ran 8 ga Nuwamba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Hafsan da ke zaune a Masko ba shi da hanyar isa kunnen manomin Wiskonsin. Manyan jaridu da gidajen talabijin na Amurka ne suka ɗauki kayan sata suka kai kowane gida. Hujjarsu ita ce wasiƙun na gaskiya ne, kuma akwai abin da ya shafi jama'a a cikinsu, alal misali jawaban da Clinton ta yi wa manyan bankuna aka biya ta kuɗi masu yawa. Wannan hujja ba ta banza ba ce. Sai dai gaskiyar ta gefe guda ce, domin ɗakin mutum ɗaya aka buɗe, aka bar na ɗayan a kulle, wanda ya buɗe kuwa shi ya zaɓi wanda zai tona wa asiri. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Banda satar wasiƙu akwai wani reshen aikin. A birnin Sam Fitasbag an kafa wani kamfani, da kuɗin attajirin nan Yevgeny Prigozhin, inda aka ɗauki matasa aiki suna buɗe shafuna a Facebook da Twitter da sunayen Amurkawa na ƙarya. Kamfanin Facebook ya shaida wa majalisa cewa rubuce-rubucensu sun iya kaiwa ga mutum miliyan 126. Misali guda ya isa. Ran 21 ga Mayu, 2016, aka yi zanga-zanga biyu a ƙofar wata cibiyar Musulunci a birnin Hustan: ga masu cewa kada a musuluntar da jihar Teksas a wannan gefen titi, ga masu kare Musulmi a wancan, suna ta jifan juna da baƙaƙen maganganu. Ashe duka ɓangarorin biyu daga Rasha aka kira su, a kan kuɗin da bai wuce dala 200 ba. Rashawa ba su ƙirƙiri ƙiyayyar ba, tarar da ita suka yi, suka hura.

Shin wannan ne ya ba Trump nasara? Clinton ta fi shi ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3, amma ya ci wakilan zaɓe 304, ita 227, saboda ya rinjaye ta a Mishigan da Fensilbaniya da Wiskonsin da ƙuri'un da jimillarsu ba ta kai 80,000 ba. Tazara ƙanƙanuwa irin wannan kowane dalili na iya ɗaukar nauyinta, har da wasiƙar da shugaban hukumar FBI, James Comey, ya aika wa majalisa ran 28 ga Oktoba yana cewa ya sake buɗe bincike a kan Clinton. Masana har yau ba su daidaita ba. Rahoton mai bincike na musamman, Robert Mueller, wanda ya fito a 2019, ya tabbatar da katsalandan ɗin, amma bai tabbatar da an haɗa baki tsakanin Rasha da mutanen Trump ba. Gwamnatin Rasha ta musanta, ko da yake Prigozhin da bakinsa ya amsa a 2022 cewa suna sa hannu cikin zaɓukan Amurka.

Kada kuma a ɗauka Amurka marainiya ce a wannan fage. Hukumarta ta CIA ta zuba kuɗi a zaɓen Italiya na 1948 don kada 'yan gurguzu su ci, a zaɓen Cile na 1964 kuwa ta kashe fiye da dala miliyan 2 da rabi a kan Eduardo Frei don a kayar da Salvador Allende, kamar yadda wani kwamitin majalisar dattijanta ya tona a 1975. Abin da ya sauya shi ne araha: aikin da a da sai da jakunkunan kuɗi da 'yan leƙen asiri a cikin ƙasa, a 2016 an yi shi daga kan kujera.

Bayan wata shida da zaɓen Amurka aka gwada irin wannan dabara a Faransa. Daren 5 ga Mayu, 2017, saura kwana biyu a yi zagaye na biyu, aka watsa tarin wasiƙun da aka sato daga mutanen Emmanuel Macron. Amma dokar ƙasar ta hana yaƙin neman zaɓe tun daga tsakar wannan daren, hukumar da ke sa ido kan zaɓe ta gargaɗi 'yan jarida, jaridar Le Monde kuma ta ce ba za ta buga abin da ke ciki ba sai an gama jefa ƙuri'a. Macron ya ci da kashi 66 cikin 100. A Amurka kuwa Shugaba Obama ya kori jami'an Rasha 35 a Disamban 2016, sannan a Yulin 2018 aka tuhumi hafsoshin GRU 12 da sunayensu, amma Rasha ba ta miƙa 'yan ƙasarta ga kotun waje.