Peratherium da Shirun Duwatsun Kudancin Kano

Yau babu dabba mai goyon ɗanta a jakar ciki a dazukan Afirka. Sai an je Ostareliya da tsibiran kewayenta ko nahiyar Amurka ake ganin kangaru da danginsa. Wannan ya sa aka daɗe ana zaton ba su taɓa taka nahiyarmu ba. A 1984 Elwyn Simons da Thomas Bown suka bayyana wani ɗan muƙamuƙi da aka tono a Fayum ta Masar, suka sa masa suna Peratherium africanum. Dabbar ba ta wuce ɓera girma ba, kuma ta rayu kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce.

Haƙori ne ya ba da shaida cewa dangin masu jaka ce. Dangin masu jaka turame huɗu gare su a kowane gefen muƙamuƙi, mu da awakinmu kuwa ba ma wuce uku. Tun da can an san jinsin Peratherium a Turai, shi ya sa masana da dama ke ganin daga can ya ƙetaro, lokacin da teku ta raba nahiyoyin biyu.

To, me ya sa ba a samun irinsa a Bebeji, Kiru ko Tudun Wada? A ganina rashin ba ya nuna dabbar ba ta zauna nan ba. Ƙasar kudancin Kano tsohon dutse ne mai tauri, duwatsun Riruwai a Doguwa kuwa narkakken dutse ne da ya daskare. Ya ba mu kuza, amma wutar da ta haife shi ba ta barin ƙashi. Laka da yashi da suka kwanta sannu a hankali su ne ke adana gawa.

Irin wannan ƙasa tana Sakkwato. A yankin Goronyo aka samo Goronyosaurus, ƙaton ƙadangaren teku, shimfiɗun Dange da Kalambaina kuma cike suke da burbushin halittun ruwa. Gaskiya ne ƙasan teku ce, dabbar tudu ba ta cika faɗawa can ba. Duk da haka rafi kan kwaso haƙoran ƙananan dabbobi zuwa gaɓa, kuma haƙorin da bai kai ƙwayar gero ba ido ba ya tsintarsa. Sai an jiƙa ƙasa an tace ta da rariya, buhu bayan buhu.

Aikin haƙuri yake so fiye da kuɗi. Ina kira ga sassan nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo su tura ɗalibansu Dange da rariya a hannu.