Daga tandun kwalli zuwa gashin ido na aro

Tun zamanin Fir'aunoni mutanen Masar, maza da mata, suke rambaɗa kwalli, kuma a ƙasar Hausa tandu ya daɗe cikin kayan ɗakin amarya. Sai dai kwalli baƙi yake ƙara wa ido, ba ya ƙara wa gashinsa tsawo. Dabarar liƙa gashin aro daga Turai da Amurka ta fito, a farkon ƙarni na 20.

A shekara ta 1911 wata ƴar Kanada, Anna Taylor, ta samu takardar mallakar wannan fasaha a Amurka. A 1916, lokacin ɗaukar fim ɗin Intolerance, D. W. Griffith ya sa aka haɗa wa ƴar wasa Seena Owen gashin ido da gashin mutum, aka liƙa mata da danƙo. An ruwaito cewa idanunta sun kumbura har suka kusa rufewa. A 1933 kuma wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata a Amurka, abin da ya shiga cikin dalilan kafa dokar 1938 mai sa ido kan kayan kwalliya.

A farkon shekarun 2000 sabon salo ya yaɗu daga Japan da Koriya ta Kudu: maimakon jeri guda a bakin fatar ido, sai a liƙa zare ɗaya a kan kowane gashi. A nan ne sanin rayuwar gashi ya zama wajibi. Gashin kai yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, amma na ido bai wuce wata ɗaya zuwa biyu ba. Daga nan sai ya tsaya mako 2 zuwa 3, ya huta kamar kwana 100, ya faɗi, wani ya tsiro a gurbinsa.

Saboda haka gwanar aiki ba ta ɗora wa jaririn gashi nauyi, ba ta manne biyu wuri guda, domin mai tsawo zai tsige mai hutawa, kuma ba ta bari danƙo ya taɓa fata. Idan tsigewar ta yawaita, saiwar kan mutu, gurbin ya zauna fayau. Garin neman gira ne ake rasa ido, in ji Bahaushe.