Daga Tsonga zuwa Yelwa: Yadda Aikin Mishan Ya Zama Gadon Gida

Ƙasar Yauri ƙasar Musulunci ce tun da daɗewa, kuma har gobe Musulmi ne mafi rinjaye a Yelwa da Wara da Shanga. Duk da haka, a cikinta da maƙwabtanta, musamman a garuruwan Kambari da Dukkawa da Dakarkari, akwai ekklisiyar United Missionary Church of Africa (UMCA) wadda saiwarta a wannan yanki ta haura shekara 100. Turawan da suka kawo ta sun koma ƙasashensu tuntuni, makarantu da asibitocin da suka gina da yawa sun koma hannun gwamnati, amma ita tana nan daram. Masu ba da tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi sun fi son lissafa sunayen Turawa da shekarun da aka buɗe tashoshi, sai ka ce ginin ne ya riƙe aikin. Ni a ganina ba nan maganar take ba. Abin da ya raya wannan ekklisiya shi ne hidimar da ta baro harabar mishan ta shiga cikin gidaje, har karantarwa da jinya da kula da marasa ƙarfi suka zama abin da ɗa ke tasowa ya tarar iyayensa na yi. Tarihinta ya tabbatar da haka mataki bayan mataki.

Asalin aikin yana ƙasar Nufe. Alexander Banfield, mutumin Kanada, ya iso Najeriya a 1901 cikin ayarin 'yan mishan da suka zauna a Pategi a 1902, inda ya ƙware a harshen Nufanci. A 1905 ya dawo tare da matarsa a ƙarƙashin ɗarikarsu ta Mennonite Brethren in Christ, suka kafa tasha a Tsonga, bakin kogin Kwara. A can ya girka injin buga littattafai, ya tsara ƙamus na Nufanci, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki. Daga Tsonga aka buɗe Jebba da Mokwa, sannan a 1921 ɗarikar ta tattara ayyukanta na ƙetare a ƙarƙashin ƙungiya guda mai suna United Missionary Society. To amma Nufawa da yawa sun riga sun karɓi Musulunci, ga shi kuma gwamnatin mulkin mallaka tana takura wa 'yan mishan shiga garuruwan sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi na ƙin tsoma baki a addini. Wannan ne ya sa mishan ɗin ya mai da hankali ga al'ummomin da ke riƙe da addinin gargajiya a arewacin kogin Kwara. Aka buɗe Salka ta Kambari a 1923, aka buɗe Zuru a 1925, inda 'yan'uwan nan biyu daga Indiyana ta Amurka, Joseph da Paul Ummel, suka yi hidima, daga baya kuma aikin ya kai Yelwa da Tungan Magajiya. Tun a nan za a lura cewa miji da mata ne, wa da ƙane ne, suka ɗauki nauyin tafiyar.

Tsarin tashar mishan ba shi da wani ɓoyayyen sirri. Akwai ɗakin shan magani inda ake wanke gyambo da ba da maganin zazzaɓi, akwai ajin koyon karatu, akwai majami'a. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen karatu da wa'azi a tsakanin mutanen da harsunansu suka bambanta, har aka kafa makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa a Salka, aka kuma gina asibiti a Tungan Magajiya. Sai dai Bature ɗaya ko biyu ba za su iya zaga ƙauyukan da ke warwatse daga Auna zuwa Rijau ba. Wanda ya yi zagayen shi ne mai bishara ɗan ƙasa, manomi kamar kowa, da rana yana gona, da yamma yana koya wa yara baƙi da wasali. Matarsa ita ke tara mata, abin da ya girma ya zama Zumuntar Mata, masu kai wa mai jego itace da hatsi, masu zama da wanda aka yi wa rasuwa. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya iya karatu kafin tsaransa, saboda haka shi ake fara ɗauka a makarantar horon malamai ko ta jinya, ɗansa kuma ya wuce nan. Ta wannan hanya aikin da baƙo ya fara ya koma sana'ar gida.

A 1955 ikilisiyoyin da mishan ya kafa suka haɗu suka zama United Missionary Church of Africa, mai hedkwata da kwalejin tauhidi a Ilori. Ba a daɗe ba jarrabawa ta zo mata ta fuska uku. Ta farko ita ce madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964, ruwanta ya cika a 1968, ya shanye tsohon garin Busa da tsibirai da fadamun da Gungawa ke noman albasa, aka sauya wa fiye da mutum 40,000 matsuguni. Duk wanda aka tasa, Musulmi ko Kirista ko mai bin gargajiya, ya bar gininsa a ƙarƙashin ruwa, abin da ke kansa kaɗai ya haye tudu da shi. Ta biyu ita ce karɓe makarantu da asibitocin mishan da gwamnatoci suka yi a shekarun 1970, shi ya sa yau Tungan Magajiya ke da asibitin gwamnati da makarantar koyon aikin lafiya ta jiha. Ta uku ita ce raguwar Turawan kansu, har ragamar ta koma hannun 'yan ƙasa gaba ɗaya. Da a ce ƙarfin aikin yana cikin gini da kuɗin waje, da waɗannan ukun sun gama da shi. Bai mutu ba, domin malamin da gwamnati ta gada tare da makarantar, da ma'aikaciyar jinyar da ta gada tare da asibitin, 'ya'yan gidajen nan ne, kuma ran Lahadi su ne dattawan ekklisiya masu ba da baiko.

Labarin 'yan Mormon a kudancin Najeriya ya ƙara fito da wannan gaskiya ta wata fuskar. Ɗarikarsu, wadda Joseph Smith ya kafa a Amurka a 1830, ta shahara da tura samari wa'azi na shekara 2, yawanci da kuɗin da su da iyayensu suka tara, har ya zama uba ya je, ɗa ya je, jika ya je. A Najeriya kuwa jama'a ce ta riga mishan zuwa. Mutane sun karanta littattafansu, suka kafa tarurruka da kansu, suka yi ta aika wasiƙu shekara da shekaru ba a turo musu 'yan mishan da za su zauna ba, saboda matsalar biza, da yaƙin basasa, da kuma dokar ɗarikar da ta hana baƙar fata muƙamin firist. Da aka soke dokar a watan Yuni na 1978, sai aka turo ma'aurata biyu, iyalin Mabey da iyalin Cannon. Shi Edwin Cannon jikan George Q. Cannon ne, wanda ya yi wa'azi a tsibiran Hawai tun shekarun 1850. A watan Nuwamba suka yi wa malamin makaranta Anthony Obinna baftisma a yankin Mbaise, ya zama shugaban reshe, 'yan'uwansa biyu suka zama mataimakansa, matarsa ta shugabanci ƙungiyar mata. A 2005 aka keɓe haikalinsu a Aba. Aƙidar Mormon ta yi hannun riga da ta UMCA a wurare da dama, amma a wajen kafuwa hanyarsu ɗaya ce, gida ne ya kawo, gida ne ya karɓa.

Mai suka zai ce duk wannan ado ne kawai, gaskiyar magana ita ce mishan ya shigo a inuwar mulkin mallaka, ya yi amfani da magani da boko wajen jan talakawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba, kuma da yawansu sun raina al'adun da suka tarar, sun raba sababbin masu bi da bukukuwan danginsu. Amma idan magani ne ke sayen imani, me ya sa dubban da suka sha maganin mishan suka ci gaba da sallarsu? Masanin nan Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a shekarun 1970, ya nuna yadda Gungawa ke rungumar Musulunci da Hausanci suna zama Yaurawa, alhali mishan na kusa da su. Wannan ya nuna mutanen yankin da hankalinsu suka zaɓa. Wanda ya zo don allura kaɗai ya tafi ranar da allurar ta ƙare. Waɗanda suka zauna su ne waɗanda suka ɗauki ɗawainiyar a kansu, suka koya wa 'ya'yansu ita.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Abin da ake gada a gida yana iya zama mallakar 'yan gidaje ƙalilan, ɗan fasto ya zama fasto ko bai cancanta ba, bare kuma ya rasa wurin tsayawa. Wannan haɗari ne na gaske ga kowace ƙungiya, ta coci ko ta masallaci. Maganinsa shi ne a rarrabe gadon kujera da gadon aiki. Kujera zaɓe da cancanta ya kamata su ba da ita, aiki kuwa babu laifi yaro ya koya a gindin iyayensa, kamar yadda gidajen malamai a Yelwa da Birnin Yauri suka riƙe makarantun allo kaka da kakanni ba tare da albashin kowa ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma magajin kirki yakan gyara inda na gaba suka yi kuskure. Mishan ya fifita Hausa har harsunan gida suka koma baya a majami'a, sai ga shi jikokin masu bi na farko ne suka zauna a Salka suna tsara rubutun harsunan Kambari, Tsishingini da Tsikimba da Cishingini, suna wallafa littattafan koyon karatu da fassarar Sabon Alkawari a cikinsu.

Yankin Kainji yau yana cikin hali mai wuya. A 2021 kaɗai an ga kifewar jirgin ruwa kusa da Wara da ta ci rayuka masu yawa, an kuma ga sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. A irin wannan lokaci ma'aikacin da aka turo daga nesa shi ne farkon neman canjin wurin aiki, ƙungiyar agaji ta waje kuma tana tafiya da zarar wa'adin kuɗinta ya cika. Wanda ke zama shi ne malamin da mahaifiyarsa ke garin, da ungozomar da ta gaji aikin daga kakarta. Saboda haka duk mai son ya kafa abin da zai daɗe a Yauri, Ngaski ko Shanga, makaranta ce ko asibiti ko gidauniyar marayu, Musulmi ne shi ko Kirista, ya fara da horar da 'yan gari, ya kuma tabbatar yaransu suna ganin aikin da idonsu, suna sa hannu a ciki tun suna ƙanana.