Tsohuwar Bindiga da Darajarta: Daga Maƙerar Gaya Zuwa Gidan Gwanjo

Cikin watan Agusta na shekara ta 1921 ba wanda zai yarda cewa libarba guda za ta kai kuɗin garken shanu dubu. Amma shekara ɗari bayan haka, watau cikin Agusta 2021, gidan gwanjo na Bonhams a Amurka ya sayar da libarba ƙirar Colt a kan dala miliyan 6 da ɗoriya. Ba don ta fi sauran kyau ba, sai don an ce da ita Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid cikin 1881. A Yuli 2024 kuma aka yi gwanjon ƙananan bindigogi biyu na Napoleon a Fontainebleau ta ƙasar Faransa, suka tashi a kan yuro miliyan 1.69. Wannan maƙala tana so ta auna tsofaffin bindigogin ƙasar Kano da irin wannan ma'auni, musamman na gabas, wajen Gaya da Ajingi, a ga abin da ma'aunin ke kamawa da abin da ke zille masa.

Gaya ta cancanci a fara da ita. Labarin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya sauka gindin Dala, har gari ya ci sunansa. Zuriyar da ke danganta kanta da shi ita ce Abagayawa. Ko labarin ya tabbata ko bai tabbata ba, ya dai nuna cewa Kanawa sun daɗe suna haɗa sunan Gaya da ƙarfe. Har wa yau Gaya tana gabas da birni, ta fuskar Barno, kuma daga can ne aka fara jin labarin bindiga.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga cikin 1908, ya ambaci bindiga a wurare uku da suka kamata a lura da su. Na fari a zamanin Sarki Dauda (1421–1438), sa'ad da wani ɗan sarkin Barno, Dagaci, ya zo da tambura da tutoci da bindigogi. Masana da yawa ba su sakankance da wannan ba, gama a lokacin nan ko a Turai bindigar hannu jaririya ce. Mai yiwuwa marubucin ya ɗauki kayan sarautar zamaninsa ya rataya wa mutanen dā. Na biyu a zamanin Kumbari (1731–1743), inda aka ce an shigo da garkuwoyi daga Nufe, an kuma shigo da bindigogi. Na uku a zamanin Babba Zaki (1768–1776), wanda aka ce shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare sarki. A tsakanin na fari da na biyu akwai shaida mai ƙarfi daga Barno, inda Imam Ahmad ibn Fartuwa ya ba da labarin Turkawa 'yan bindiga a rundunar Mai Idris Aloma cikin ƙarni na 16.

Harshe ma yana da tasa shaida, kuma ba ta cika ƙarya ba. Kalmar bindiga daga Larabci take, bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud. Harsashi daga ar-rasas, watau darma. Duk ukun sun nuna arewa da gabas. Amma ƙanƙara da kunama Hausa ce tsantsa: mutane sun dubi dutsen da ke ba da wuta suka kira shi da sunan da suka sani, suka dubi lanƙwasar abin da yatsa ke ja suka tuna da wutsiyar kunama. Libarba kuwa baƙuwa ce ta baya-bayan nan, ta biyo Ingilishi tare da soja da bariki. Malamin da ke koyar da aron kalmomi a kwalejin horon malamai da wuya ya sami misali mai tsari kamar wannan, inda sassan abu guda suka zo daga zamani uku.

Sai dai suna daban, kaya daban. Mafi yawan bindigogin da suka shigo ƙasar Hausa cikin ƙarni na 19 na fatauci ne, masu ƙanƙara, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki. A Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su da yawa, da araha, musamman don kasuwar Afirka; waɗansu suka hauro daga bakin teku ta Nufe, waɗansu suka ƙetaro hamada daga Tarabulus. Hausawa ba su ruɗu da su ba, tun da suka laƙaba musu harba-ka-ruga. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ƙara tsananta abin, gama ta hana a sayar wa mutanen wannan yanki bindigogi na zamani, ta bar musu masu ƙanƙara. Sarakuna kuma ba su sake bindiga ta yawaita a hannun kowa ba. Bayin sarki aka fi danƙa wa, kamar yadda J. P. Smaldone ya bayyana cikin littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato.

Zamanin da bindiga ta fi yin ƙara a gabashin Kano shi ne na Basasa, daga 1893 zuwa 1895. Yusufawa sun fita birni sun kafa sansani a Takai, yaƙi ya bi garuruwan gabas da kudu, har da Gaya. Yusufu ya rasu a Garko cikin 1894, Aliyu Babba ya gaje shi, ya ci birni. Laƙabinsa Mai Sango, sango kuwa wani irin mashi ne da ake cusa wa bindiga a harba, irin na maharban giwa. Bayan haka ya yi fama da Damagaram, wadda tun zamanin Sarki Tanimu ta shahara da tara bindigogi da zuba igwa. Amma ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya zo da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu, aka fasa ƙofa, Kano ta faɗi cikin yini guda. Sojojinsa da yawa Hausawa ne, abin da ba a cika so a tuna ba.

To, me irin waɗannan bindigogi za su yi a gidan gwanjo? Masu tara kayan dā suna duban abu uku. Suna duban ƙaranci: Colt Walker guda 1,100 kaɗai aka ƙera cikin 1847, shi ya sa ɗaya ta kai dala miliyan 1.84 a gwanjon Rock Island cikin 2018. Kishiyar wannan ita ce ta Nepal, inda cikin 2003 wani kamfanin Amurka ya sayi tsofaffin bindigogi fiye da 50,000 daga rumbun makamai na Kathmandu, cikinsu da Snider da Martini-Henry jingim, har mai ƙaramin ƙarfi ya iya mallakar ɗaya. Suna duban ko abin yana nan yadda maƙerinsa ya bar shi, ba a sāke masa ƙota ba, ba a goge lambarsa ba. Fiye da kome kuma suna duban takarda: rasit, ko wasiƙa, ko rajistar masana'anta da ta nuna hannun da ya riƙe ta. Bindigogin George Washington guda biyu, kyautar Lafayette, sun kusa dala miliyan 2 a Christie's cikin 2002, alhali ƙarfen da ke jikinsu bai fi na sauran irinsu ba.

A duk ukun nan bindigar ƙauyen Gaya ko Ajingi ta fāɗi. Ba ta da ƙaranci, gama dubbai aka yi irinta. Ba ta nan yadda aka ƙera ta, don kuwa abin aiki ce: ƙota ta karye an sassaƙa wata, bututu ya tsage an ɗaure shi da jan ƙarfe ko fata, ƙanƙara ta yi wuya maƙeri ya juya ta ta koma mai hula, wani ma ya ɗinka mata laya. Mai gwanjo zai kira wannan lalacewa. Ga mai nazarin tarihi kuwa kowane gyara shaida ce ta hannun maƙerin wurin da irin kayan da yake samu. Takarda kuma babu. Asalinta yana bakin tsoho, wanda zai ce ta kakansa ce, da ita ya bi wane zuwa yaƙi kaza, ga kirarinta. Wannan shi ma isnadi ne, kuma malaman da suka yarda da jerin sarakuna na baka ba su da hujjar raina shi; aibinsa ɗaya, yana mutuwa da mai shi.

Doka ta taɓa abin ta fuska biyu. Dokar Makamai ta 1959 ta sa ko bindigar toka sai da lasisi, saboda haka mai tsohuwar bindiga ba ya ɗokin nuna ta ga baƙo mai alƙalami, balle a zamanin da tsaro ya taɓarɓare. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi waje sai da izni, ta kuma sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin wannan lissafi. Nan akwai ƙulli: bindigar da bututunta na Birmingham ne, ƙotarta ta Gaya, makullinta na wani maƙeri na zamanin En'e, ta gida ce ko ta waje, kuma ta wace shekara ce?

Inda ake ganin sauransu a fili yanzu shi ne hawan salla, sa'ad da 'yan bindiga ke tafe gaban sarki suna ɗura albarushi ba harsashi. Masarautar Gaya, wadda bisa dokar 2024 ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, tana cikin masu wannan al'ada. Mafi yawan abin da ke hannunsu ƙirar maƙeran baya-bayan nan ce, amma ɗalibin da ya zauna da shugabansu bayan an sauka, ya tambayi ta wa ce mafi tsufa, wa ya ƙera ta, wa ya gyara, ya auna tsawon bututun, ya kwafi tambarin da ke kusa da makulli in akwai, zai koma da abin da za a iya gwada shi da tamburan gwaji na Birmingham da Liège, waɗanda an san shekarun da aka yi amfani da kowannensu.