Tsakanin Babin Haila da Kantin Magani: Inda 'Yan Matan Ikara, Maƙarfi da Kudan Ke Koyon Sanin Jikinsu

Gabatarwa

Akan ce 'yan matan karkarar Zazzau ba su san komai game da jikinsu ba, a kuma ɗora laifin a kan kunya. Wannan maƙala tana ganin zancen bai cika ba. Yarinyar da ta tashi a Malikanci ko Hunƙuyi ko Maƙarfi tana da malamai biyu a wannan fanni: Islamiyya mai koya mata hukunci, da kasuwa mai faɗa mata irin surar da ake so. Ilimin lafiya ne ya faɗi a tsakaninsu, kuma ta ƙofar Islamiyya ya fi sauƙin shigowa.

Abin da ta sani

Yawancin ɗalibai sukan karanta babin haila a Ahlari, wasu har Risala, tun suna ƙirgar dangi. Ɗaliba ta san alamomin balaga da wankan tsarki. Ta san cewa a mazhabar Malikiyya jinin mai farawa ba ya wuce kwana 15. In ya wuce ya zama jinin ciwo, sai ta yi wanka ta ci gaba da salla. A nan littafin ya tsaya, domin aikinsa ke nan. Ba a gaya mata cewa jinin da ya zarce haka yana bukatar ganin likita ba, ko cewa jiri da kasalar da take ji a aji na iya zama ƙarancin jini. Ba a koya mata bambanta farin ruwa na lafiya da na cuta ba, sai ta tara komai ta kira shi sanyi, ta nufi mai sassaƙe.

A gida ma hanyar ta ƙuntata. Uwa ba ta sakin jiki da 'yar fari, don haka al'ada ta bar wannan hira ga goggo da kaka. Sai dai su ma iyakarsu gargaɗi: kin girma, ki kama kanki.

Abin da kasuwa ke koya mata

Kasuwa kuwa ba ta jin nauyin kowa. A gidan biki da TikTok ana nuna wa yarinya cewa kyakkyawa ita ce fara, mai ƙiba, mai cikar ƙirji. Siririya baƙa sai ta ɗauka tana da aibi, alhali jikinta bai ma gama girma ba. Maganin kuma yana nan a kemis ba tare da takardar likita ba. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe galibi Dexamethasone ne da Cyproheptadine. Na biyun yana buɗe ciki. Na farkon yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana raunana garkuwar jiki, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga da rikicewar al'ada. Kumatun da ƙawaye ke yabawa kumburi ne.

Haka man bilicin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man sauya launin fata, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa. Wasu mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lahani ga ƙoda. Wasu suna sa fata ta yi sirara har rauni ya ƙi warkewa. Mai haɗa man ba za ta faɗi wannan ba, kuma ita ce ke amsa tambayoyin da yarinya ta kasa yi wa kowa, har da na kayan mata.

Me ya hana makarantar boko cike giɓin?

An gwada. A 2003 aka fito da manhajar ilimin zaman iyali da cutar ƙanjamau, bayan an sauya mata suna saboda ƙorafin shugabannin addini. A 2022 Ministan Ilimi Adamu Adamu ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhaja. Masu adawa suna tsoron a buɗe wa yara ido, kuma tsoronsu ba na banza ba ne: darasin da aka tsaro daga nesa, namiji ya karantar a ajin da ke cakuɗe, iyaye ba za su aminta da shi ba. Amma cire darasi bai rufe waya ba, bai kuma rufe kemis ba.

Akwai hanyar da ta karɓu. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya, wadda ta samo asali daga haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Kalifoniya, takan tara 'yan mata a ƙananan rukunai ƙarƙashin jagorancin mace, da yardar iyaye da masu gari, ana haɗa karatu da rubutu da ilimin lafiya. Tsarin ba baƙo ba ne: haka Nana Asma'u ta yi da 'Yan Taru a ƙarni na 19, tana tura jajjoji ƙauyuka su karantar da mata.

Kammalawa

Maƙarfi ta daɗe tana yaye ma'aikatan lafiya daga Kwalejin Shehu Idris, kuma Kaduna na cikin jihohi bakwai da suka fara shirin tallafa wa ilimin 'yan mata na Bankin Duniya, wato AGILE, a 2020. Kayan aikin suna nan. Abin da ya rage shi ne idan malama ta kai babin haila, ma'aikaciyar lafiya 'yar garin ta zauna kusa da ita, mata zalla, ta bayyana yadda jiki ke aiki, da illar sha-ka-fashe da bilicin, da amfanin rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya a 2023. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malaman fiƙihu sun riga sun halatta maganar. Saura hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin uku da shugabannin Islamiyyu su sa mata rana a jadawali.