Tashin dare: yadda furostet ya ɗauki laifinsa da na wasu

A shekarar 1825, Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, yana da shekara 82, fitsari ya fara yi masa gardama. Likitansa Robley Dunglison, wani matashi ɗan Ingila da aka ɗauko koyarwa a jami'ar da Jefferson ya kafa, ya duba shi ya ce furostet ɗinsa ne ya yi girma. Maganin da ke hannunsa shi ne wasu siraran sanduna masu laushi da ake zurawa ta hanyar fitsari don a buɗa ta. Dattijon ya ɗan samu sauƙi, ya kuma rasu ranar 4 ga Yuli, 1826. Duk dukiyarsa da darajarsa, iyakar abin da likitancin zamanin zai iya yi masa ke nan.

Furostet wata 'yar tsoka ce da namiji kaɗai ke da ita, girmanta kamar na goro, nauyinta wajen giram 20 a jikin saurayi. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari kuma ta ratsa ta tsakiyarta. Aikinta samar da wani sashe na ruwan maniyyi. Idan shekaru suka ja sai ta riƙa girma, ba kuwa girman ciwon daji ba. Binciken gawarwaki ya nuna alamar haka a jikin kusan rabin maza 'yan shekara 60, da kuma takwas zuwa tara cikin goma na waɗanda suka haye 80. Tana girma tana matse hanya: fitsari ya rage ƙarfi, mutum ya gama amma mafitsara ba ta zazzage duka ba, jim kaɗan ta sake cika. Da rana ana iya jurewa. Da dare kuwa dattijo sai ya tashi sau uku, sau huɗu, iyali na zaton nafila yake yi.

An daɗe ana fama da ciwon kafin a san mai jawo shi. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana a kashi na ƙarshe na littafinsa al-Tasrif yadda ake ƙera siririn bututun azurfa mai santsi, a shafa masa mai, a zura shi har cikin mafitsara idan fitsari ya toshe. Ita kanta tsokar sai a 1536 Niccolò Massa na birnin Banis ya siffanta ta a rubuce, sannan a 1761 Morgagni, shi ma ɗan Italiya, ya nuna daga gawarwakin tsofaffi yadda girmanta ke tare ƙofar mafitsara.

Sanin dalili bai kawo magani nan take ba. Bayan an gano yadda ake sarrafa roba, likitan Faransa Auguste Nélaton ya fito da bututu mai laushi wajen 1860, sai aka shiga zamanin da dattijo ke yawo da bututunsa a cikin hula ko a cikin sandar dogarawa, ya zura wa kansa sau da yawa a yini. Ba a san tsaftace kayan aiki yadda ya kamata ba, babu kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Da yawa daga cikinsu cutar da bututun ya shigar ce ta hau ƙodarsu ta kashe su. Robar fitsarin da muka sani yau, mai 'yar balan-balan da ke riƙe ta a ciki, Frederic Foley ne ya ƙirƙiro ta a Amurka, ta bazu a shekarun 1930.

Akwai wata hanya da aka bi aka dawo, wadda ta fi kowace ban mamaki. A 1786 John Hunter na Landan ya lura cewa furostet ɗin dabbar da aka fiɗiye yana motsewa. Makiyayi ba zai yi mamakin cewa fiɗiya na sauya jikin sa ko taure ba, amma Hunter ya gane cewa wannan tsoka ta dogara ne ga wani abu da maraina ke samarwa. Bayan fiye da shekara 100, a 1893, wani likitan fiɗa na Filadelfiya, J. William White, ya ba da shawarar a riƙa fiɗiye tsofaffin da fitsari ya toshe musu. An kuwa yi wa ɗaruruwa. Wasu sun samu sauƙi, wasu sun mutu, wasu hankalinsu ya rikice, cikin 'yan shekaru aka watsar da dabarar. Tunanin da ke ƙarƙashinta daidai ne, wuƙar ce ta yi masa girma.

Abin da ya ture ta shi ne cire tsokar kanta. Eugene Fuller ya yi hakan a New York a 1895, amma wanda sunansa ya bi aikin shi ne Peter Freyer, ɗan Ayalan da ya daɗe yana likitan soja a Indiya. Daga ƙarshen 1900, a asibitin St Peter na Landan, ya riƙa tsaga ƙasan cibiya ya buɗe mafitsara, ya sa yatsa ya ɓanɓaro sashen da ya yi girma, kamar yadda ake fitar da ƙwallo daga 'ya'yan itace. Su biyun sun yi ta cacar baki a mujallun likitoci kan wanda ya riga wani. Zuwa 1920 Freyer ya ba da rahoton aiki fiye da 1,600, waɗanda suka mutu kuma wajen 5 cikin 100, adadin da a lokacin aka ɗauka gagarumar nasara. A farkon shekarun 1930 Joseph McCarthy ya inganta na'urar da ake shigarwa ta hanyar fitsari a kankare tsokar daga ciki ba tare da yanka ba. Har yau a asibitocinmu da dama, inda na'urar ko mai sarrafa ta suka yi ƙaranci, aikin tsaga irin na Freyer ake yi, wasu dattawa kuma sukan shafe watanni da robar fitsari suna jiran kuɗi ko layi.

Ƙwayoyi sun zo daga baya. A shekarun 1970 Marco Caine a Birnin Ƙudus ya nuna cewa a cikin furostet akwai jijiyoyin nama da ke ɗaurewa, ana kuma iya sassauta su da magani. Daga nan jinsin su tamsulosin ya samo asali. Sai kuma a 1974 Julianne Imperato-McGinley ta wallafa bincikenta kan wani ƙauye a Jamhuriyar Dominikan, inda ake haifar wasu yara da siffar mata, su balaga su bayyana maza. Jikinsu ba ya iya mayar da sinadarin testosteron zuwa wani mafi ƙarfi da ake kira DHT, furostet ɗinsu kuma ba ya girma ko sun manyanta. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu har ya samar da finasteride, wanda aka amince da shi a Amurka a 1992. Yana rage girman tsokar da kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma sai an yi watanni ana sha. Abin da White ya nema da wuƙa, ƙwaya ta yi shi bayan shekara 99.

To amma fa akwai ƙorafin da ya ƙi ƙarewa. Mutum zai yi aiki, fitsari ya dawo da ƙarfinsa, ya koma wurin likita ya ce har yanzu yana tashi sau uku. A cikin dukkan alamomin da ake jinginawa ga furostet, tashin dare ne ya fi ƙin jin magani. An kuma lura cewa tsofaffin mata, waɗanda ba su da furostet, su ma suna tashi kusan kamar mazan. A 1994 Paul Abrams na birnin Bristol ya rubuta cewa ya kamata likitoci su daina sa wa waɗannan alamomi sunan furostet tun kafin su bincika. A ganina wannan gajeren rubutu ya yi wa marasa lafiya amfani kamar kowace na'ura da aka ambata a sama.

Dalilin kuwa shi ne, a jikin tsofaffi da yawa matsalar ba ta hanya ba ce, ta yawan ruwa ce. Jikin matashi na ƙara sakin wani sinadari mai suna ADH da dare, wanda ke sa ƙoda ta rage fitsari. Da tsufa wannan tsari kan raunana. Wanda ƙafarsa ke kumbura da rana, idan ya kwanta ruwan sai ya koma jini, ƙoda ta tace shi. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba, raunin zuciya, maganin hawan jini mai sa fitsari da aka sha da yamma, shayin bayan isha'i, da munsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, kowanne na iya tayar da mutum ko da furostet ɗinsa lafiya lau. Illar ba ta tsaya ga rashin barci ba: dattijon da ke laluben hanyar banɗaki cikin duhu na iya faɗuwa ya karya ƙugu, karayar da ba kowa ke tashi daga gare ta ba. A ɗaya gefen kuma, wanda hanyarsa ta toshe da gaske ya yi shiru don kunya, fitsarin da ke taruwa na iya lalata masa ƙoda. Lokacin da fadar Ingila ta sanar a Janairun 2024 cewa za a yi wa Sarki Charles aikin furostet, an ce ya so a faɗa ne don maza su je a duba su.

Tun 2002 ƙungiyar masana harkar mafitsara ta duniya ta ba tashin dare ma'anarsa ta kansa, da ma'auni: idan abin da dattijo ke fitarwa da dare ya haura kashi ɗaya cikin uku na fitsarinsa na awa 24, to ƙodarsa ce ke aiki a lokacin da bai dace ba. Gane hakan ba ya bukatar na'ura. Likita kan ba shi takarda ya ce ya samu kofin awo, ya yi kwana uku yana rubuta lokaci da yawan abin da ya sha da abin da ya fitar. Idan fitsarin dare kaɗan-kaɗan ne kuma akai-akai, sai a dubi furostet da mafitsara. Idan kofin cika yake yi kowane tashi, sai a auna suga, a dubi zuciya da ƙafafu, a tambayi matarsa yadda yake numfashi cikin barci.