Yadda Amurkawa Suka Kusa Ƙarar Da Barewarsu, Da Asalin "Lokacin Farauta"

A shirinmu na yau zan kai ku dazukan Amurka.

Duk shekara idan Satumba ta kama, maharba a jihohi da yawa na ƙasar sukan fita da kwari da baka neman wata barewa mai farar wutsiya. Na kira ta barewa ne don mu fahimci juna, amma ta bambanta da tamu: ƙahon namijinta rassa gare shi kamar itace, kuma duk shekara yakan faɗi wani ya tsiro. Abin da ya ja hankalina shi ne, maharbin yakan shafe makonni yana leƙen daji, ba ya harba ko kibiya ɗaya, sai ranar da hukuma ta buɗe farauta. To daga ina wannan haƙuri ya samo asali?

Da farko dai babu haƙurin. A ƙarni na 18, fatar barewa babbar haja ce. Turawa 'yan kasuwa suna ba 'yan asalin ƙasar bindigogi da tufafi bashi, su kuma su biya da fatu, ana loda dubun dubatarsu a tashar Charleston zuwa Ingila kowace shekara. Wannan bashi yana cikin abubuwan da suka haddasa yaƙin Yamasee a 1715. Har kalmar "buck" da Amurkawa ke kiran dala da ita, ana danganta ta da fatar namijin barewa.

A ƙarni na 19 sai jirgin ƙasa ya zo, aka sare dazuka, masu farautar kasuwa suka riƙa aika nama birane ba dare ba rana. Zuwa wajajen 1900, dabbar da a da ake lissafa ta da miliyoyi ta koma kimanin 500,000 ko ƙasa da haka.

Nan ne fa hankali ya dawo. A 1900 aka kafa dokar Lacey, wadda ta haramta tsallaka iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar Pittman-Robertson: harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai aka mayar da shi kuɗin kula da namun daji. Jihohi suka riƙa kamo barewa da rai suna kai su inda suka ƙare, suka ƙayyade ranakun farauta da adadin da mutum ɗaya zai kashe. Wisconsin ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu a 1934. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai wajen miliyan 30.

Yanzu ku lura da abin da doka ta haifar. Tunda kwanaki ƙidayayyu ne, kibiya kuma ba ta cin nesa, dole maharbi ya san dabbar kafin ya haɗu da ita. A farkon lokaci, kafin barbara ta kankama a Nuwamba, mazan suna yawo ne rukuni-rukuni, kuma hanyarsu kusan ɗaya ce kullum: daga makwanci zuwa gonar waken suya da yamma, sai mashaya. Maharbi yakan tsaya can nesa da madubin hange yana kallo. Yakan duba sawu da kashi, da ƙananan itatuwan da suka goge ƙaho a jiki. Idan 'ya'yan itacen oak suka fara zuba, ya san za su bar gona su koma cikin daji. Babban abin tsoronsa iska ce, domin da zarar ta kai musu warin mutum, shi ke nan, sun canza hanya.

Ita ma kyamarar da suke ɗaurewa a jikin bishiya tana da tarihi. Wani lauya, George Shiras III, shi ya yi suna wajen ɗana wa kyamara igiya a dazukan Michigan, dabba ta taɓa ta ɗauki kanta hoto cikin dare. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Yau wasu kyamarorin har waya suke turo hoto. Jihar Arizona kuwa ta hana amfani da kyamarorin daji wajen farauta tun daga 2022, saboda ana ganin ba a yi wa dabbar adalci.

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne, maharban Amurka ba su daina farauta ba, jira suka koya, kuma da kuɗin aljihunsu aka dawo da abin da kakanninsu suka kusa ƙararwa. Ku tambayi dattawan garinku yaushe rabon da su ga barewa a bayan gari, ku zo mana da amsa.